Malam Edita, makarantun cata na Amurka ba furamaren kuɗi ba ne

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kuna lafiya ya aiki ya jama'a. Na saurari shirinku na ilimi inda baƙonku ya ce makarantun cata na Amurka makarantun kuɗi ne da gwamnati ke ɗan tallafa wa, to gaskiya ba haka abin yake ba, ni a Texas nake zaune kuma yarana biyu irin wannan makarantar suke zuwa, ko sisi ban taɓa biya na kuɗin makaranta ba.

Cata ɗin takardar yarjejeniya ce, wasu mutane ko ƙungiya su karɓi izini su buɗe makaranta su tafiyar da ita yadda suka tsara, kuɗin kuma ya fito daga aljihun gwamnati, in ba su yi abin kirki ba a ƙwace izinin. Jihar Minnesota ce ta fara yin dokar a 1991, yanzu jihohi sama da 40 suna da ita, yara fiye da miliyan 3 ke ciki.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake biyan. Kan yaro ake ƙirgawa, kowane ɗalibi da kuɗinsa, in ya bar makarantar gunduma, wato makarantar gwamnati da aka saba da ita ta yankinsu, ya koma cata sai kuɗin ya bi shi, amma fa ba duka ba. Makarantun gunduma suna da harajin gidaje da filaye da ake karɓa a yankinsu, su kuma 'yan cata ba su da ikon ɗora wa kowa haraji, a nan Texas jiha ce ke ɗauke da su kuma da yawan yaran da suka zo aji kullum ake lissafi, shi ya sa ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi bai je ba kafin ka gama shan shayi waya ta shigo, da farko na ɗauka tsabar kulawa ce wallahi. Maganar gini kuwa nan suke shan wuya, za ka ga makaranta a tsohon kanti ko ginin coci ana biyan haya daga kuɗin da ya kamata a ba malamai.

Su ma 'yan gunduma suna da tasu hujjar, yaro biyar sun fita daga aji amma albashin malama da kuɗin wuta da motar ɗaukar yara ba su ragu ba. A Pennsylvania ma gundumar ce da kanta ke biyan makarantar catar, ka ga dole a yi ta rigima.

Kuma ƙirgen kai yana buɗe ƙofar cuwa-cuwa, a Ohio akwai wata babbar makarantar cata ta intanet mai suna ECOT da aka rufe a 2018 bayan jiha ta ce ta dawo da miliyoyin daloli na ɗaliban da ba ta iya nuna suna karatun ba. A jihar Washington kuma kotun ƙolin jihar ta soke tsarin kuɗin makarantun cata a 2015, sai 'yan majalisa suka koma biyansu da kuɗin cacar gwamnati.

Don Allah in baƙon ya dawo a tambayar mini shi wa ke biyan kuɗin ginin.

Naku mai sauraro daga Texas