Wasiƙa zuwa ga aminina a Ingila: kar ka ɗora wa dankali laifin mai

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu nan Jos sai godiya, sanyi kawai ke ɗan taɓa mu, ko da yake na san kai za ka yi wa sanyinmu dariya.

Saƙonka ya iso. Ka ce likita ya umarce ka da rage ƙiba, shi ne ka ƙaurace wa gasasshen dankalin turawan da ake sayarwa a wurin aikinku, ka koma soya ƙwai da kaza da man sanfulawa, wai don an rubuta a jikin gorar cewa babu kolestarol (wani nau'in maiƙo da yawansa a jini ke iya toshe jijiyoyi) a ciki. Mutumina, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ai babu wani man da ake tatsa daga tsiro da ke da kolestarol, har man gyaɗan da ka taso da shi. Dabarar talla ce kawai.

Bari in ba ka lissafi. Giram 100 na man sanfulawa yana ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 884, domin maiƙo ne zalla: ba furotin, ba sitaci, ba harza. Giram 100 na dankalin da aka gasa da ɓawonsa kuwa kalori 93 ne kacal, maiƙon cikinsa bai kai rabin giram ba. Babban cokali ɗaya na man, wanda kake tsiyayawa a kasko ba tare da ka lura ba, kalori 120 ne, kusan daidai da ɗan madaidaicin dankali guda. Shi dankalin zai cika maka ciki har la'asar, cokalin mai kuwa ko a jikinka.

Kuma dankalin ba sitaci kaɗai ba ne. A giram 100 ɗin akwai fotasiyom sama da miligiram 500, fiye da abin da ke cikin ayaba mai nauyinsa, kuma wannan sinadari yana taimakawa wajen daidaita hawan jini. Akwai bitamin C da B6, da furotin kamar giram biyu da rabi, da harza mai sauƙaƙa bayan gida, musamman idan ba ka ɓare shi ba. Abin da ke ɓata masa suna shi ne suya: da zarar an yayyanka shi an tsoma a mai, kalorinsa ya ninka sau uku ko fiye. Haka nan tulin man shanu da cuku da Turawan nan ke zuba masa a ciki.

Ba cewa nake ka zubar da gorar ba. Man yana da bitamin E mai yawa, cokali guda ya fi kashi ɗaya cikin uku na abin da jiki ke buƙata a yini, kuma sai da ɗan maiƙo jiki ke iya tsotse bitamin A da D da K. Ka riƙa aunawa da cokali dai, ka daina kwarara.

Hanzari ba gudu ba: tunda akwai ciwon suga a danginku, ka sani gasasshen dankali mai zafi yana ɗaga sugan jini da sauri. Ka haɗa shi da wake ko kifi da ganye, kar ka ci shi gaya. In kuma ka ga ɓawonsa ya yi kore ko ya yi tsiro, ka yanke wurin sosai ko ka jefar, akwai guba. Ka kuma gaya wa likitan ya duba ƙodarka kafin ka dage da shi, saboda yawan fotasiyom ba ya yi wa mai ciwon ƙoda daɗi.

Dankalin Bokkos da Mangu ya fara shigowa kasuwa, da kana kusa da na aiko maka da buhu. Ka gaida maiɗakinka, ka shafa min kan yara. Mama tana tambayar ko za ku zo babbar sallah, ka kira ta da kanka.

Naka har kullum,
Amininka na Jos