Takardar Koke Zuwa ga Mai Girma Hakimi Kan Halin da Asibitinmu Yake Ciki

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagatai da Masu Unguwanni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma da biyayya, muna fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da 'yan majalisarka. Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da basira, ya ba ka ikon sauke amanar talakawan da ya ɗora maka. Mu talakawanka ne na ƙauyukan da ba su da wani asibiti sai wannan guda ɗaya: dattawa da limamai, mata da matasa. Mun san fada ba wurin ɗaga murya ba ce. Idan ka ci karo da kalmar da ta yi kaifi a cikin wannan takarda, muna neman afuwa tun kafin ka kai gare ta, zuciya ce ta yi nauyi. Kuma ɗa ba shi da inda zai kai kukansa sai wurin ubansa.

Allah ya ba ka nasara, a daren Larabar da ta wuce mun rasa 'yarmu. Ba za mu kama sunanta ba, saboda iyayenta da mijinta da har yanzu ba su dawo cikin hayyacinsu ba. Yarinya ce da ta yi duk abin da aka ce mata su yi. Ta je awo ba fashi, ta shanye magungunan da aka ba ta, kuma da naƙuda ta tashi ba a tsaya gida ana 'yan dabaru ba, tun kafin magariba tana kwance a ɗakin haihuwa. Bayan isha'i ta sauka lafiya, ɗa namiji, har an fara yi wa mijin barka a bakin ƙofa. Sai jini ya ɓalle.

Ungozoma ɗaya ce a bakin aiki daren nan, ga wasu mata biyu suna naƙuda a gefe. Babu wuta. Janareta ba mai, batiran sola kuma sun daɗe da mutuwa. Surukar yarinyar ce ta riƙe fitilar waya, hannunta yana rawa, ungozoma tana cewa ta ɗan ƙara matso da hasken. Aka ɗauko allurar tsayar da jini daga firjin da kowa a asibitin ya san ya fi wata ba ya sanyi. Aka yi mata, aka ƙara, jini bai san ana yi ba. Aka ce sai an ƙara mata jini, nan take 'yan'uwanta maza suka naɗe hannun riga, amma ɗakin gwaji a kulle yake, mai makullin ya tafi da shi, wayarsa a kashe. Likita ma an yi ta kira ba a same shi ba. Da aka ce a wuce da ita babban asibiti, motar ɗaukar marasa lafiya tana inda ta saba, a ɗore kan duwatsu, ƙura ta rufe gilashinta. Sai da aka bi gida-gida ana buga ƙofa kafin a sami mai mota. Aka sa ta a baya, babu ma'aikaci ko ɗaya tare da ita, babu ledar ƙarin ruwa ta biyu, babu ko 'yar takardar da za ta gaya wa likitocin can abin da aka riga aka yi mata. Ba su kai ba. A hanya ta cika, kanta a cinyar mahaifiyarta, kafin kiran assalatu.

Ranka ya daɗe, mu masu imani da ƙaddara ne, kuma mun san wanda kwanansa ya ƙare ko a gaban likitoci ɗari yake sai ya tafi. Mun yi haƙuri, mun bar wa Allah. Amma da muka je neman bayani washegari, abin da aka ce mana ke nan, wai kwananta ne ya ƙare, daga nan kuma aka rufe ƙofar ofis. Ƙarewar kwananta ba shi ya kashe firji ba. Ba shi ya tafi da makullin ɗakin gwaji ba. An umarce mu mu ɗaure raƙumi kafin mu yi tawakkali, mu kuwa a asibitin nan raƙumin a sake yake kwana.

'Ya'yanmu da suka karanci aikin jinya sun zaunar da mu sun yi mana bayani, kuma bayanin nasu ne ya ƙara hana mu barci. Wannan allura da ake kira oksitosin ana son a adana ta a sanyin digiri 2 zuwa 8, idan ta daɗe a zafi ƙarfinta raguwa yake yi, alhali a ido kwalbar ba ta canja ba. Sun ce akwai ƙwayar tsayar da jini mai suna misoprostol da ba ta buƙatar firji, wadda don irin wuraren da wuta ba ta zama ake tanadarta. Akwai kuma allurar traneksamik, wadda idan an yi ta cikin awa 3 da haihuwa tana rage mutuwa ta zubar jini. Ko ɗaya daga cikin biyun nan babu a ɗakin daren nan. Sun ba mu labarin wani gwaji da aka fitar da sakamakonsa a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 na Kenya da Najeriya da Afirka ta Kudu da Tanzaniya, a kan mata fiye da 200,000. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace da zarar ta haihu, don a daina kintace da ido, a ga jinin da ya zuba ya kai rabin lita ko bai kai ba. Da ya kai, sai a haɗa komai a lokaci guda, a murza mahaifa, a yi allurai, a sa ƙarin ruwa, a duba inda jinin yake fitowa, maimakon a yi ɗaya a zauna jiran a ga yadda za ta kaya. Mummunan zubar jini da abin da yake jawowa ya ragu da kashi 60 cikin 100. Leda, ranka ya daɗe. Da muka ji haka wani dattijo a cikinmu tashi ya yi ya fita, bai iya ƙarasa zaman ba.

Muna roƙon alfarma guda tun a nan, kada mu manta: kada a ɗora wa ungozomar nan laifi. Mun ji ƙishin-ƙishin wai za a canja mata wurin aiki don a kwantar da hankalin mutane. Matan da suke wurin sun shaida ba ta zauna ba daren nan, kuma ita ce ta fara fashewa da kuka da labari ya dawo. Idan aka ɗauke ta aka kawo wata, aka bar mata firjin nan da duhun nan, an canja sunan wadda za ta yi kuka ne kawai. Kuma duk ma'aikacin da ya ga an yi mata haka, gobe idan ya yi kuskure ɓoyewa zai yi.

Allah ya ja zamaninka, wannan ba shi ne karo na farko ba, kuma ba yau muka fara kai kuka ba. Mun rubuta wa shugaban asibiti, mun sake rubutawa. Mun je ƙaramar hukuma har mun daina ƙirga sawu, yau a ce shugaba ya yi tafiya, gobe a ce takarda tana kan tebur, jibi a ce a kawo wata don waccan ta ɓace. An taɓa kafa kwamiti, an ɗauki hotuna, daga nan shiru kamar an shuka dusa. Da kuɗin karo-karonmu muka gyara famfon asibitin, ya sake lalacewa, muka sake gyarawa. Abin da muka lura da shi kawai, duk ranar da aka ce manyan baƙi za su zo, a ranar ake shafa fenti a bakin get, janareta ya yi ta ruri tun safe, a shimfiɗa zannuwan gadon da ba mu taɓa gani ba. Baƙi suna juya baya a naɗe su.

A tsakanin waɗannan zirga-zirga abubuwa ba su daina faruwa ba. Akwai yaron da aka yi wa allurar wani yaron saboda sunansu ɗaya kuma gadajensu na jere, ba wanda ya tambayi sunan uba, Allah dai ya yi da sauran kwanansa. Akwai matan da aka yi wa tiyatar haihuwa suka koma gida, bayan kwanaki ɗinki ya kumbura yana ruwa. Ta yaya ba zai ruɓe ba, a ɗakin da mai jinya ce take shigo da ruwa a bokiti, kuma ma'aikaci ya tashi daga kan wannan majinyaci ya koma kan wancan ba inda zai wanke hannu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2022 cewa a ƙasashe masu tasowa, cikin majinyata 100 da aka kwantar, 15 suna kwasar wata cutar a cikin asibitin, wadda ba da ita suka zo ba. Mu ba mu san lissafin namu asibitin ba, don ba wanda yake rubutawa. Amma mun san gidajen.

Abin da ya fi yi mana ciwo shi ne, shekara da shekaru mu ake ɗora wa laifi. A rediyo mu ne jahilan da ba sa kai matansu asibiti, a taron wayar da kai mu ne masu jinkiri. Mun karɓi gyara. Limamanmu sun yi huɗuba a kai, masu unguwanni sun bi gida-gida da umarninka, mata suka fito. To ga shi mun zo. Wani kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet Global Health ta kafa ya bayyana a 2018 cewa a ƙasashe masu tasowa mutum miliyan 5 suke mutuwa duk shekara bayan sun je neman magani, saboda kulawar da suka tarar ba ta da inganci, waɗanda rashin zuwa ya kashe kuwa miliyan 3.6 ne. Tun daga ranar Alhamis mata masu ciki a ƙauyukanmu suka fara cewa gara su haihu a ɗakinsu. Da wane baki za mu ce musu su koma?

Don haka, ranka ya daɗe, muna roƙonka da girman Allah da girman kujerar da kake kai, ka kira shugaban asibiti da masu kula da lafiya na ƙaramar hukuma su zauna a gabanka, tare da wakilanmu, har da mata, a bi daren Laraba awa bayan awa. Ba neman a kori kowa muke yi ba, so muke a gano inda igiya ta tsinke, a rubuta, a karanta wa iyayen yarinyar. Kuma daga yanzu duk macen da ta rasu wajen haihuwa, da duk jaririn da aka rasa, a yi irin wannan zama, a ajiye rubutu.

Muna roƙon a gyara batiran sola, ko da na ɗakin haihuwa da firjin magani ne kawai, a kuma rataye takarda a jikin firjin ana rubuta sanyinsa safe da yamma. Magungunan da suka kwana a zafi a kwashe su yau, kada a jira zama. A tanadi akwatin gaggawa na zubar jini wanda ba sai an aiki dangi sun fita neman kaya cikin dare ba. Makullin ɗakin gwaji ya kwana a asibiti tare da mai aikinsa. Samarinmu a shirye suke a gwada jininsu, a rubuta sunayensu da lambobinsu, ko ƙarfe nawa ne a kira su. A liƙa jadawalin masu aikin dare a inda kowa zai gani, kuma kada a sake barin mace ɗaya da ɗakin haihuwa. A sauke motar nan daga kan duwatsu. Duk wanda za a tura gaba a haɗa shi da ma'aikaci da takarda, a kuma buga waya can tun kafin mota ta tashi, don su tarbe shi a shirye.

Game da ɗakin tiyata, an shaida mana akwai wata takardar tambayoyi 19 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, wadda ake karantawa da baki kafin a sa wa mutum maganin barci, da kafin a yanka, da kafin a fito da shi: wannan ne majinyacin, wannan ne wurin da za a yi aiki, an ƙirga auduga da kayan aiki sun cika. A asibitoci 8 da aka gwada ta, mutuwa bayan tiyata ta sauko daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100, kuma ɗaya daga cikinsu asibitin karkara ne a Ifakara ta Tanzaniya, ba wani na birni mai benaye ba. Kada a ce mana wannan sai an jira kasafin kuɗi. Takarda ce da biro, da shugaban da zai tsaya a kai.

Sai ruwa da sabulu a kowane ɗaki. Kunya muke ji mu rubuta wannan a takardar da za ta je gaban Hakimi, amma mun rubuta. Da kuma batiran nan, ranka ya daɗe, mun san mun faɗa, muna sake faɗa, don a cikin makon nan ma akwai matan da watansu ya tsaya.

Mun san ba kai kake riƙe da kuɗin asibiti ba, ba kai kake ɗaukar ma'aikata ba. Amma ƙofar da aka rufe mana kai ba za a rufe maka ba, kuma wayar da ba a ɗaga mana kai za a ɗaga maka tun a bugun farko. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Matasanmu sun so su yi gangami zuwa asibitin ranar jana'iza, dattawa suka tare su, suka ce muna da uba, a bari a kai masa. Sun ji maganarmu a wannan karon. Muna roƙon ka sa mana rana, ka kuma sa amsar da za a ba mu ta zama a rubuce, don mu sami abin da za mu koma musu da shi.

Jaririn yana hannun kakarsa, yana nan da rai.

Allah ya ja zamanin Hakimi, ya ƙara masa nasara da yawan rai, amin.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Dattawa, limamai, mata da matasan ƙauyukan da ke ƙarƙashin asibitin. Sa hannunmu da dangwalen yatsunmu suna haɗe a bayan wannan takarda.