Zuwa ga Ummi, kan maganar funfunar gyaɗa

Assalamu alaikum Mamana. Ya karatu, ya sanyin Zariya? Mu nan duk lafiya lau, Innarki tana gaishe ki.

Na ga saƙonki kan maganar furojet, kin ce malaminku ya ba ki zaɓi tsakanin noman naman kaza da binciken funfunar da ke kama gyaɗa da masara, kuma kina neman shawarata. To ni dai in za ki bi tawa, ki ɗauki funfunar. Noman naman kaza ba abin rainawa ba ne, da garin katako da ɗan ɗaki mai laima ana yinsa kuma ana samun kuɗi a birni, amma wannan ko bayan kin gama za ki iya koya. Ita funfunar nan kuwa tana cikin kwanonmu kullum kuma yawancin mutanenmu ba su ma san da ita ba.

Sunanta a wajenku Aspergillus flavus, gubar da take fitarwa aflatoxin. A ƙasa take zaune, sai ruwa ya ɗauke ƙarshen damina gyaɗa ta sha wuya ko gara ta huda kwanson sannan ta samu ƙofa, daga nan kuma mu da kanmu mu ƙarasa mata aiki, a shanya a tsurar ƙasa, a ɗura a buhu da sauran danshi, a jibge a sito. Ki ɓare irin wannan gyaɗar ki gani, ta yamutse, da wani gari kore-kore mai ruwan ɗorawa a jikinta, in kin tauna ɗaci. Abin da ke ci min rai tun ina malamin gona shi ne, ɗan kasuwa zai tsince mai kyau ya kai kamfani, marar kyan da aka bari kuma ita ce mai araha, ita mata ke saya su yi mai da ƙuli-ƙuli, gubar ta zauna cikin tunkuza, suya ba ta kashe ta, yara su ci, a daka a yajin tsire, har saniyar da aka ba dusa mai funfuna sai gubar ta fito a nononta. Hanta take ci a hankali, in ta haɗu da ciwon hanta nau'in B kuwa haɗarin ciwon daji ya ninka sosai.

Turawa ma sai 1960 suka farga, da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa da gyaɗar Brazil. A Kenya a 2004 mutum 125 suka rasu kan masara mai wannan gubar.

Ki duba aikin da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta yi, mai suna Aflasafe. Sun nemo 'yan uwan wannan funfunar waɗanda ba sa fitar da guba, suka shafa a ƙwayar dawa aka rina ta shuɗi, manomi ya watsa kilo 10 a hekta sati biyu zuwa uku kafin fure, marasa gubar su riga masu gubar kama wuri. Wallahi dabarar tana burge ni har yau. Amma manomi nawa ne a ƙauyukanmu ya taɓa ganinsa, kuma me ya hana? Wannan tambaya ce da ta isa furojet.

In kin fita ɗibar samfur kar ki tsaya a kasuwar Dawanau kawai, ki shiga gidajen masu ƙuli, ki durƙusa ki gaishe su, ki saya da kuɗinki, kuma kar ki ce musu guba suke sayarwa, da sana'ar nan suke ciyar da 'ya'yansu. Ki nuna musu tsinta da shanya kan tamfol, da Hausar da za su gane. Abin da gwaji ya nuna shi za ki rubuta ko bai yi wa kowa daɗi ba. A lab ki riƙa sa takunkumi da safar hannu don Allah, ƙurar nan tana shiga huhu, sannan ki je a yi miki gwajin ciwon hanta nau'in B, in babu komai ki karɓi rigakafi.

Zan turo kuɗin mota ranar Juma'a in sha Allahu. Allah ya yi miki albarka.

Babanki