Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2022

Malam Shugaba, iyayen ƙungiya maza da mata, 'yan uwa mambobi, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Kamar yadda tsarin mulkin ƙungiya ya ɗora wa ofishin sakatare, ga bayanin abin da muka yi daga Janairu zuwa Disamba, da abin da muka yi alkawari a babban taron bara amma bai samu ba. An yi tarukan wata-wata yadda aka saba, ban da na watan azumi, kuma littafin zama yana nan ga mai son dubawa.

Babban aikinmu na shekarar shi ne jin ra'ayin masu zaɓe game da zaɓen Majalisar Dokokin Jihar Gombe, wanda hukumar INEC ta tsara yi ranar 11 ga Maris, 2023, tare da na gwamna. Mun zaɓi majalisar ne saboda duk inda aka zauna hirar siyasa, daga teburin mai shayi zuwa zauren ɗaurin aure, maganar shugaban ƙasa da gwamna ake yi, alhali kujeru 24 na wannan majalisa su ne ke amincewa da kasafin kuɗin jiha, su tantance kwamishinoni, su yi dokokin da suka shafi makarantunmu da kasuwanninmu a duk ƙananan hukumomi 11.

Mun fita ne a watan Satumba, bayan jam'iyyu sun gama zaɓen fid da gwani, kafin a buɗe yaƙin neman zaɓen kujerun jiha ranar 12 ga Oktoba, don mu ji abin da ke zuciyar mutane tun ba a cika musu kunne da ganga ba. Ƙannenmu ɗaliban jami'a, waɗanda yajin aikin wata takwas na ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ya zaunar a gida, su ne suka ɗauki nauyin aikin, ba tare da an biya su komai ba sai kuɗin Keke da ruwan sha. Mun hana su tsayawa a majalisun bakin titi, domin ra'ayin majalisa na mai ƙarfin murya ne. Gida-gida suka bi a Pantami, Bolari, Jekadafari, Herwagana da Tudun Wada, suna tsallake gidaje bisa ƙa'idar da muka amince da ita, sannan suka je Kumo, Deba da Bajoga a ranakun da mota ta samu. Ba a rubuta sunan kowa ba, ba a karɓi lambar katin zaɓen kowa ba.

Wannan sharaɗi ya yi mana rana. A Bolari wata dattijuwa ta ƙi buɗe baki sai da aka juya mata fom ɗin gaba da baya ta ga babu gurbin lamba, sannan ta ce an taɓa zuwa da sunan tallafi aka kwafe katunan maƙwabtanta. A wani gidan kuma maigida ya tare 'yar uwarmu a zaure, ya ce ba sai ta shiga ba, abin da ya zaɓa shi iyalinsa za su zaɓa. Da ta yi haƙuri ya ba ta izini, uwargidan ta rage murya ta faɗi wani ɗan takara dabam, dalilinta kuwa asibitin unguwa inda take zuwa awo. Da mun tura maza kaɗai, kamar yadda wasu suka ba da shawara don rage kashe kuɗi, da ba mu ji wannan ba.

An karanta cikakkun alƙaluma a taron Nuwamba, ba zan maimaita su ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda mutane da yawa suka faɗi sunayen 'yan takarar gwamna ba gargada, amma da aka tambaye su wanda ke wakiltarsu a majalisar jiha yanzu, sai a yi shiru, ko a ambaci ɗan majalisar tarayya. Wasu sun ce sak za su yi daga sama har ƙasa, wasu, musamman matasa, sun ce wake da shinkafa za su yi, cancanta za su bi. Akwai kuma waɗanda ba su yarda na'urar BVAS mai tantance masu zaɓe za ta hana maguɗi ba, da mata masu cewa fitarsu ranar zaɓe ta dogara ga ko 'yan kalare, wato 'yan dabar siyasa na Gombe, za su bar rumfunan zaɓe lafiya.

Taron gabatar da sakamakon, alhamdu lillahi, shi ne mafi armashi tun kafuwar ƙungiya. Kujerun da muka yi haya sun ƙare tun kafin a buɗe taro da addu'a, sai da aka aro tabarmi daga maƙwabta. Masu unguwanni sun zo, limamai da fastoci sun zauna a sahu ɗaya, ƙungiyoyin mata da na 'yan kasuwa sun turo wakilai, kuma 'yan takara daga jam'iyyu dabam-dabam sun amsa gayyata da kansu. Mun ba kowannensu lokaci daidai da na ɗan uwansa, agogo a hannun mai gabatarwa. Lokacin da wata malamar firamare ta miƙe ta tambaye su, ɗaya bayan ɗaya, wane ƙuduri za su fara kaiwa majalisa kan ruwan sha da zaizayar ƙasa da ke cin gidaje a garin Gombe, zauren ya yi tsit, kuma kowa ya ga wanda ya shirya da wanda ya zo da kirari kawai. An tashi ba zagi, ba jifa. Ina miƙa godiya ta musamman ga kwamitin mata, waɗanda suka dafa abincin baƙi daga aljihunsu.

Yanzu ga abin da bai yiwu ba. Ba mu kai Billiri, Kaltungo, Balanga da Shongom ba, haka nan Dukku da Nafada, don haka kada wani ya ɗauki sakamakonmu a matsayin ra'ayin jihar baki ɗaya. Mun faɗi haka a taron, muna kuma sake faɗa. Zagaye na biyu da muka shirya yi a Disamba, wanda shi ne zai nuna ko kamfe ya sauya ra'ayoyi, shi ma bai samu ba. Na ji ana cewa a dandalinmu na WhatsApp wai kwamiti ya yi sakaci. Ba sakaci ba ne. Zuwa kudancin jiha yana buƙatar masu jin Tangale da Waja, da kuɗin mota da na kwana, a lokacin da man fetur ya yi wuya, asusu kuwa babu komai a ciki. Wani ɗan siyasa ya aiko cewa zai ɗauki nauyin tafiyar duka, muka ƙi, domin ranar da muka karɓi kuɗinsa babu mai sake yarda da alƙalumanmu.

Asusun ya bushe ne saboda waɗanda suka biya kuɗin wata cikakke ba su kai rabinmu ba. Ni da ma'aji mun kira, mun aika saƙo, mun bi wasu har shagunansu, amsar dai ɗaya ce: sai ƙarshen wata. Na san halin da ake ciki na tsadar rayuwa, kuma wanda ya zo ya faɗi uzurinsa ba mu taɓa matsa masa ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mamban da bai biya ba, bai fita aiki ko sau ɗaya ba, amma shi ne na farko wajen tambayar ina aka kwana.

Kwamiti yana ganin har yanzu za a iya yin gajeren zagaye a Kaltungo da Billiri cikin Fabrairu, in an biya bashin da ke kan mambobi kafin ƙarshen wannan wata. Mai biya da tsofaffin takardun naira 200, 500 ko 1,000 ya kawo wa ma'aji da wuri, don a samu kai su banki kafin wa'adin 31 ga Janairu, 2023, da Babban Banki ya sa na daina karɓarsu. Jerin masu bashi yana hannun Shugaba, kuma za a karanta shi a zama na gaba.

Wassalamu alaikum.

Sakataren Ƙungiya
Gombe, Janairu 2023