Wanda ya ce ganye ne kawai bai taɓa renon dashe ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Tun daren Talata da na saurari shirinku raina yake a ɓace, shi ya sa na ga dole in rubuto. Baƙon da kuka gayyato ya buɗe baki ya ce masu sayar da dashen itatuwa da furanni ba sa cikin waɗanda ambaliyar Maiduguri ta 2024 ta yi wa ɓarnar a zo a gani, wai ai ganye ne, da an kwana biyu zai sake tofowa. Mai gabatarwa kuma bai ce masa kanzil ba, ya wuce tambaya ta gaba. Baba yana zaune a tabarma kusa da rediyon. Bai ce uffan ba, hannu kawai ya miƙa ya kashe, ya tashi ya shige ɗaki.

Da wannan ganyen aka ciyar da mu, da shi aka biya mana kuɗin makaranta, da shi aka aurar da yayyena mata biyu. Lambunmu yana kusa da kogin Ngadda, kuma Baba yana wurin tun kafin ambaliyar 1994, wadda ita ma sai da ta kwashe masa kaya. Ko kafin ruwan 2024 ma ba daɗi muke ji ba. Tun da aka lalata turakun wuta a 2021 Maiduguri ta shiga duhu, muka koma kan injin ban-ruwa mai shan fetur. Aka cire tallafi a watan Mayun 2023, injin ya fi ƙarfinmu, muka koma ɗibar ruwa da garwa, ni da ƙannena, da asuba da kuma bayan la'asar. Duk wanda ya san zafin Afrilu a garin nan, lokacin da ake wuce digiri 40, ya san dashen da ya kwana ɗaya bai sha ruwa ba sai dai a yi masa addu'a. Baƙar leda ta yi tsada, takin shanu ya yi tsada, mai saye kuma ya ja baya, don wanda bai cika cikinsa ba ba ya tunanin gwaiba a tsakar gida.

Sai ga daren da madatsar Alau ta ɓalle, wayewar 10 ga Satumba 2024. Ruwan da ya cinye Gwange da Fori, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu, ya fito da dabbobin gidan zu na Sanda Kyarimi, shi ne baƙonku yake ganin ya tsallake ledojin da ke jere a ƙasa a bakin kogi? Da muka samu hanyar komawa, rumfar zana babu ita, injin yana binne cikin laka, ledoji sun taru a jikin shinge kamar bola. Gwanda duk ta ruɓe, dama ita ba ta jure kwanciyar ruwa. Lemun tsami ya zubar da ganye. Wari kuwa sai an toshe hanci.

Abin da ya fi ci mana rai mangwaro mai aure. Malam Edita, a gaya wa baƙon nan yadda ake yin sa. Ƙwallon mangwaro ake shukawa a leda, a yi ta ba shi ruwa kusan shekara kafin kaurinsa ya kai a yanka. Sannan a yanko reshe daga uwar bishiya mai kyawun iri, a fere da reza, a haɗa baki da baki, a naɗe da leda, a zauna jiran ko ya kama ko bai kama ba. Ba duka ke kamawa ba. Wahalar shekara ɗaya da rabi ce a cikin kowace leda, kuma ruwa ya tafi da su a dare ɗaya.

Da idona na ga Baba, dattijo mai furfura, a durƙushe cikin taɓo yana ɗaga ledoji ɗaya bayan ɗaya. Sai ya sa farce ya kankare ɓawon. In ya ga kore a ciki ya ce alhamdulillahi ya ajiye a dama, in ya ga baƙi ya jefa hagu. Inna kuma tana gefe da baho da tsumma tana wanke laka daga jikin ganye, kamar mai yi wa jariri wanka. Na dama ba su cika baro uku ba. Da su muka sake farawa, da 'ya'yan darbejiya da ƙannena suka tsinto a gindin bishiyoyin unguwa, da irin zogale da wani maƙwabci ya ba mu bashi. An zo rubuta sunayen waɗanda suka yi asara, mai rubutun ya dubi lambun ya ce shi gidaje da shaguna aka aiko shi ya ƙirga. Ba mu yi musu ba. Amma a ce a rediyo, duniya tana ji, ba mu yi asara ba, wannan kam ya yi mana zafi.

Kuma ina so a tuna, duk sanda aka tashi bikin dashen itatuwa ana maganar kwararowar hamada, wurin irinmu ake zuwa neman dashe. Inuwar darbejiyar da Maiduguri take tinƙaho da ita, kowace bishiya wani ne ya rene ta tun tana tsiro.

Roƙona ku turo wakilinku ya zo bakin kogi ya ga lambunan da idonsa, ya zauna da Baba ko da na rabin awa ne, a saka muryarsa a shirin da aka yi wancan zancen.

Wani abu kuma, layin wayar da kuke bayarwa don masu sauraro su kira ba ya shiga. A daren nan sau tara na gwada, katina ya ƙare a banza, alhali muryoyin mutum uku zuwa huɗu nake ji kowane mako. Don Allah a duba wannan.

Naku mai sauraro a kullum,
daga Gwange, Maiduguri