Kwamfuta ba ta san Sa'idu ba

Ranka ya daɗe Edita,

Ni ke riƙe da lissafin wani shagon taki da maganin feshi a Farin Gada, nan Jos. Yawancin masu sayenmu manoman dankali ne da 'yan lambu, su ɗauki kaya bashi, sai amfani ya zo gida su biya. Mu uku ke shigar da sunayensu a Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta: wannan ya rubuta da manyan baƙaƙe zalla, wancan da ƙanana, ni kuma yadda hannu ya faɗa. In ka buɗe jerin, kamar an watsa wa kaji tsaba.

Ƙanena ne ya koya mini PROPER, umarnin da ke mai da harafin farko na kowane suna babba, saura ƙanana. Nan take jerin ya yi tsaf, har na fara yabon kaina. Sai da muka buga rasit na ga ɓarnar. Sa'idu ya koma Sa'Idu, Mu'azu ya zama Mu'Azu, Asma'u ma ba ta tsira ba. Ashe duk harafin da ya biyo bayan wata alama, irin hamzar da ke tsakiyar Sa'idu, Excel ɗauka take sabuwar kalma ce. Wani dattijo ya juya rasit ɗinsa sama da ƙasa, ya ce, "Ɗana, yaushe aka raɗa mini wannan?"

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, matsalar da na so kashewa tana nan daram. Excel ba ruwanta da babba ko ƙarami in tana neman suna. Abin da ke raba mutum ɗaya gida biyu shi ne Danladi da Ɗanladi, ko Muhammad da Mohammed, ko ɗan gurbin da yatsa ya bari a ƙarshen suna, wanda wani umarnin, TRIM, ke share shi. A haka manomi guda ya riƙa cin bashi a layi biyu, mu ba mu sani ba.

Yanzu lambar waya muke fara dubawa kafin suna, masu hamza kuwa da hannu nake bin su. Don Allah ku isar wa matasanmu masu haɗa wa 'yan kasuwa manhaja a Jos da Abuja: kafin su miƙa aiki, su gwada shi da Sa'adatu da Ƙasimu tukuna.

Naku,
Mai karanta ku daga Farin Gada, Jos