Tsadar Wuraren Wasan Yara a Abuja Ta Kai Inda Ya Kamata a Yi Magana

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai albarka, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani al'amari da ba kasafai yake samun shiga shafukan jarida ba, saboda ana ganinsa ƙarami idan aka jera shi da tsadar abinci da kuɗin haya da kuɗin makaranta. Al'amarin kuwa shi ne yadda kai iyali wurin shaƙatawa da wasan yara a Abuja ya tashi daga abin da ƙaramin ma'aikaci yake iya yi ranar Sallah ko Kirsimeti, ya koma sai mai hannu da shuni. Na san akwai wanda zai ce mutumin da bai ci ya ƙoshi ba ina ruwansa da lilo, kuma ban raina wannan magana ba. Sai dai duk wanda yake rainon yara a wannan gari ya san cewa a nan wurin wasa ba ƙawa ba ne, domin shi ne kusan abu ɗaya da ya rage wa yaro wanda zai bambanta masa ranar idi da sauran ranaku.

Yaron da ya tashi a Kano ko Zariya ko Katsina ba ya buƙatar ko kwabo kafin ya san an yi Sallah. Zai sa sabon kayansa ya bi yayyensa zuwa bakin hanya, ya ga hawan sarki da dawakai da 'yan bindiga da masu algaita, washegari ya koma wani hawan, sannan ya zaga gidan kakanni da gwaggwanni yana karɓar goron Sallah. Yaron da aka haifa a Kubwa ko Nyanya ko Lugbe ba shi da wannan gata. Danginsa suna can gida, tafiya gida kuma ta zama sai an yi shekara ana tanadi, maƙwabta kowa ya ja ƙofarsa ya kulle, unguwa ba ta da dandali, gidan da ake haya ciki da falo ne wanda tsakar gidansa igiyar shanya da tankin ruwa sun cinye. Saboda haka idan aka sauko daga idi aka ci abinci, tambayar da yara suke yi wa mahaifinsu guda ɗaya ce: "Baba, yaushe za a kai mu wurin wasa?" Amsar wannan tambaya ita ce take ƙara yi wa magidanta nauyi shekara bayan shekara.

Wanda bai taɓa tsayawa a ƙofar irin waɗannan wurare ranar biki ba, zai yi wuya ya gane yadda lissafin yake. Ana fara biyan kuɗin shiga a kan kowane kai, har da uwar da ba abin da za ta hau, ta zo riƙon jaka ne da goyo. An shiga kuma ba a gama ba, domin kowane abin hawa da tikitinsa: jirgin ƙasan yara daban, motoci masu karo daban, dokin da yake zagayawa daban, katifar tsalle daban, kuma kowanne mintoci kaɗan ne an sauke yaro. A wani wuri da na kai iyalina, mai gadi ya buɗe jakar maiɗakina ya ce ba a shiga da abinci daga waje, aka bar kular shinkafa a bakin ƙofa, alhali ruwan gora a ciki ya ninka kuɗinsa na kanti. A nan ne na ga wani bawan Allah ya tsaya gaban allon farashi da 'ya'yansa cikin ɗinkin Sallah iri ɗaya, yana karantawa yana ƙirga su da ido, daga bisani ya sunkuya ya yi wa manyan magana a kunne, suka koma gindin bishiya suka zauna, ya shiga da ƙananan biyu. Babbar cikinsu ba ta yi kuka ba, ta riƙe wa ƙannenta takalma tana leƙe ta tsakanin ƙarafan shinge. Ban san mutumin ba, amma na san abin da yake ji a ransa, kuma na tabbata magidanta da yawa da za su karanta wannan wasiƙa sun san shi.

Ba na so a ɗauka cewa na zo ne in ɗora wa masu wuraren laifi gaba ɗaya, domin ruwa ba ya tsami banza. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Cikin 'yan kwanaki ta haura naira 500 a Abuja, zuwa watan Oktoban 2024 kuma ta wuce naira 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta haura naira 1,500 a shekarar 2024, alhali injinan nan da kayan gyaransu duk daga waje ake shigo da su. A watan Afrilun 2024 aka ƙara kuɗin wutar lantarki ga masu rukunin A, wato waɗanda aka ware domin su fi kowa samun wuta, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni, wanda kuma ba ya samun wutar sai ya wuni yana ƙona dizal a janareta, tunda ba a dakatar da lilon da ya ɗaga yara sama don an ɗauke wuta. Mai wurin wasa yana da ma'aikata da masu gadi da haraji, dole ya fitar da kuɗinsa. Ina ma ƙara da cewa ba na fatan a rage farashi ta hanyar rage gyara, domin tsohon injin da ba a kula da shi ba hatsari ne ga ran yaro, kuma babu rahusar da ta kai rai.

Matsalar ita ce abin da yake shiga aljihun uba bai bi sawun wannan tashi ba. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disambar shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, kuma galibin mazauna garuruwan kewayen Abuja ba ma'aikatan gwamnati ba ne balle ƙarin ya shafe su. Ga kuma kuɗin mota, wanda sau da yawa shi ne yake fara kashe maganar tun daga gida. Manyan wuraren wasan suna cikin gari, masu ƙaramin ƙarfi kuma suna Gwagwalada da Dei-Dei da Zuba da Karu da Mararaba. Babur ɗin haya ba ya shiga tsakiyar birni tun shekarar 2006, Keke Napep ma an killace inda yake bi, don haka mai mata da yara sai ya yi shatar tasi zuwa da dawowa, a ranar da direbobi suka san kowa yana neman mota.

Wani zai ce a yi haƙuri, idan tattalin arziki ya daidaita farashin zai sauko. Abin da ya faru a ƙasar da ta fi kowa sanin wannan sana'a bai nuna haka ba. Lokacin da kamfanin Disney ya buɗe babban wurinsa na jihar Fulorida a Amurka a shekarar 1971, kuɗin shigar babban mutum dala 3.50 ne, ana sayen tikitin hawa daban. A 1982 suka soke tikitin hawa suka koma biya ɗaya a ƙofa, a 2015 kuɗin wuni guda ya haura dala 100, a 2016 suka fara bambanta farashi gwargwadon rana, ranar hutu da cunkoso ta fi tsada. A 2021 suka soke tsarin da yake ba kowa damar kama layi kyauta tun 1999, suka mayar da tsallake layi abin saye, sannan a watan Oktoban 2024 tikitin rana mafi tsada a wurinsu na Kalifoniya ya kai dala 206. Idan aka auna da canjin naira 1,500, wannan ya haura naira 300,000 ga mutum ɗaya a wuni ɗaya, wato fiye da mafi ƙarancin albashin wata huɗu a nan. Can ba a cire tallafin mai ba, kuɗinsu kuma bai faɗi irin faɗuwar namu ba, amma farashin bai daina hawa ba, saboda ɗan kasuwa ya gano cewa ya fi masa riba ya karɓi mai yawa daga mutane kaɗan da ya karɓi kaɗan daga mutane masu yawa. Ban ga dalilin da zai sa 'yan kasuwarmu su ƙi bin wannan hanya ba, kuma haƙƙinsu ne su nemi riba. Abin da ba daidai ba ne shi ne a bar wasan yaran gari guda a hannun kasuwa kaɗai.

A nan ne maganata take komawa kan hukuma. Abuja ba gari ba ne da ya tsiro da kansa. Zana shi aka yi a takarda, kuma taswirar da aka kammala a 1979 ta ware filaye masu yawa domin lambuna da wuraren shan iska, tun kafin gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disambar 1991. Duk wanda ya zaga Wuse da Garki da Utako da yamma ya san abin da da yawa daga cikin waɗannan lambuna suka zama bayan an ba da su haya: wurin gasa kifi da shan barasa da shisha, ko rumfar biki da ake kamawa da kuɗi mai yawa. Ba na hana kowa neman abincinsa, amma babu uban da zai ɗauki matarsa da 'ya'yansa mata ya kai su irin wannan wuri da sunan shaƙatawa, Musulmi ne ko Kirista. Filin da aka ware wa jama'a ya koma na wani rukuni na manya, yaran da aka yi tanadin dominsu kuma suna buga ƙwallo a kan kwalta tsakanin motoci.

Muna da shaidar cewa abin da nake nema mai yiwuwa ne. Lambun Millennium da ke Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe a watan Disambar 2003, an san shi da cewa ba a biyan kuɗin shiga, kuma duk wanda ya je can ranar Sallah ya ga yadda iyalai suke shimfiɗa tabarma a kan ciyawa, su buɗe kulolinsu, yara su yi ta guje-guje har la'asar sakaliya. Babu injin ko ɗaya da ya kai su can, fili ne mai tsabta da inuwa da tsaro, kuma cikar da yake yi ta isa ta nuna girman buƙatar. Amma lambu ɗaya a unguwar masu kuɗi ba zai ishi birnin da yake da ƙananan hukumomi shida ba. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda take aiki kai tsaye a Birnin Tarayya, ta ambaci hutu da wasa a cikin haƙƙoƙin yaro, don haka ba alfarma ake roƙo ba.

Ina kira ga Ministan Birnin Tarayya da sashen kula da lambuna da wuraren shaƙatawa su sake duba sharuɗɗan hayar filayen nan, ta yadda duk wanda ya riƙe lambun jama'a zai ware wani ɓangare na yara wanda ba a biya, ba a kuma sayar da barasa a cikinsa, wanda ya ƙi a karɓe a ba wani. Shugabannin ƙananan hukumomin Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji da na cikin birni kuwa, ba Disney ake nema a wurinsu ba. Fili ne mai shinge a cikin unguwa, da bishiyoyin darbejiya, da lilo da abin sulɓi waɗanda maƙeranmu na walda za su iya haɗawa, da famfo da bayan gida da mai gadi. Wannan ba ya cin dizal, ba ya jiran canjin dala, kuma uwa za ta iya kai 'ya'yanta da ƙafa bayan an taso daga Islamiyya ba tare da ta jira Sallah ba. Abin da zai fi wuya shi ne kare filin daga masu yanka shi su sayar, shi ya sa ya kamata a damƙa kulawarsa ga masu unguwa da kwamitocin masallatai da coci-coci na wurin, a kuma kafa allo mai nuna cewa na jama'a ne.

Masu wuraren wasa na kuɗi su ma akwai abin da za su iya yi ba tare da sun yi asara ba. Su bayyana cikakken farashinsu a Facebook da sauran kafofin sadarwa kafin biki, har da kuɗin kowane abin hawa, domin magidanci ya yi lissafinsa a gida maimakon ya ji kunya gaban 'ya'yansa a bakin ƙofa. Su fitar da tikitin iyali guda wanda ya haɗa shiga da hawa, su daina karɓar cikakken kuɗi daga iyayen da rakiya kawai suka yi, su kuma bari a shiga da abincin yara da ruwan sha. A ranakun aiki na lokacin hutun makaranta injinan nan suna zaune ne babu mai hawa, ma'aikata kuma ana biyansu. Rahusa a irin waɗannan ranaku ga makarantun gwamnati da gidajen marayu za ta kawo ciniki inda babu.

Ina kuma roƙon jaridarku, ya Edita, ta tura wakili kafin Sallah mai zuwa ya zaga wuraren nan ya kawo wa masu karatu farashin kowanne, ya kuma tambayi hukuma lambuna nawa aka ba da haya a cikin birni, da sharuɗɗan da aka gindaya wa waɗanda suka karɓa.

Na gode da fili. Wassalam.

Naka,
Wani magidanci daga Kubwa, Abuja